Makwancin Kare a Gida: Shawarwari Kafin Ka Kira Kafinta

A yawancin gidajenmu kare ma'aikaci ne. Dare ya yi a kwance masa sarƙa, ya kwana yana zaga gida, gari ya waye a mayar da shi mazauninsa. Maganar inda zai kwanta kuwa ba kasafai ake yin ta ba. In ka tayar da ita sai a ce maka, "Kare ne fa, ko'ina ya samu ai kwanciya zai yi." Zai kwanta kam, ba musu. Sai dai babban kare yana barcin awa 12 zuwa 14 a kwana guda, kwikwiyo da tsohon kare kuma sun fi haka. Rabin rayuwarsa ke nan a wuri ɗaya. A wannan wurin kaska take hayayyafa, a nan ƙuma take zuba ƙwai, a nan gwiwarsa take yin kanta, kuma kuɗin da aka hana kafinta shi ake kai wa likitan dabbobi daga baya, har da ƙari.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu hali da suka sayi kare mai tsada, suka ga hoton wani lallausan gado mai gashi buzu-buzu a intanet, suka yi oda. Irin wannan gadon an ɗinka shi ne domin gidajen Ingila da Jamus, inda sanyi ne abokin gaba. Karen ya zo ya shinshina shi, ya juya ya baje a kan tayil, maigida ya ce kare ba shi da godiya. Karen ne ya fi shi gaskiya. A ƙasarmu abin da ake nema a makwancin kare uku ne: ya sha iska, ya wanku, ya tashi daga ƙasa. Laushi na zuwa ne a bayan waɗannan.

1. Fara da kallon inda karen yake zaɓa da kansa

Kafin ka sayi komai, ɗauki 'yan kwanaki kana lura da shi. A watan Afrilu, in ka sake shi da rana, za ka ga ya nufi gindin randa ko bakin famfo, ya tona ƙasa da ƙafafun gaba har ya kai ga mai danshi, ya zaga sau biyu ko uku, sannan ya zube ya manna cikinsa da ita, harshe a waje. Ba ɓarna yake yi ba. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake rage zafi, da kuma ɗora ciki a kan abu mai sanyi. A watan Janairu kuwa karen nan dai za ka tarar ya dunƙule a lungun da iska ba ta kaiwa, hanci cikin wutsiya, ko kuma a kan tokar murhu da ta huce.

Lura kuma da yadda yake kwanciya. Wani miƙewa yake yi sambal, ƙafafu huɗu a gefe guda. Wani dunƙulewa yake so, bayansa jingine da bango. Na farkon yana buƙatar fili mai faɗi marar gefe, na biyun zai ji daɗin makwancin da aka kafa a kusurwa ko aka yi wa ɗan jingina.

2. Zaɓi wuri kafin gado, kuma da azahar za ka duba shi

Nan ne aka fi yin kuskure. Maigida ya fito da hantsi, ya ga inuwa lumshi a gindin katanga, ya ce a kafa turke a nan, ya tafi kasuwa. Kafin ƙarfe biyu inuwar ta koma ɗaya gefen, kare yana ɗaure a tsakiyar rana, sarƙa ba ta kai shi ko'ina ba, kwanon ruwansa ya yi zafi. A Sakkwato, Maiduguri, Yamai da Zindar zafin bazara yana wuce digiri 40 a inuwa ma, balle a kan siminti. Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. In ya haura 41 ransa na cikin haɗari, kuma cikin ɗan lokaci abin yake faruwa. Saboda haka je ka tsaya a wurin da azahar, ka sake komawa da la'asar. Ɗora bayan hannunka a kan daɓen. In ba ka iya barinsa a kai, kare ma ba zai iya kwanciya ba.

Gindin darbejiya ko ƙarƙashin rumfa mai tsawo ya fi jikin katangar da rana ta wuni tana duka. Nisanta shi da janareta, saboda hayaƙinta guba ne ga dabba yadda yake ga mutum. Kada ya faɗo ƙarƙashin indararo ko bakin kwata. Sannan a gidajen Musulmi an saba ware wa kare wurinsa daban, nesa da inda ake sallah, ake ajiye buta da kwanukan abinci, kuma wannan tsarin ya dace da tsafta ta kowace fuska. Abin kiyayewa kawai shi ne kada nisantawar ta zama jefarwa: lungun bayan gida da ba wanda yake leƙawa sai an kai tuwo, nan ne ƙazanta take taruwa ba a sani ba. Karen gadi ma ya fi natsuwa a inda yake hango ƙofar gida daga kwance.

In ɗaki za a gina masa, ƙofar ta dubi kudu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa, ranar yamma kuma ita ce mai ƙuna.

3. Auna karen, kada ka yi kirdado

Bari sai ya miƙe yana barci, ka auna daga hanci zuwa gindin wutsiya, ka ƙara inci 8 zuwa 12. Wannan ne tsawon. Faɗin kuma daga ƙashin baya zuwa ƙarshen ƙafafu a miƙe, da ɗan ƙari. In kwikwiyo ne, tambayi girman iyayensa, domin Alsheshan yakan kai kilo 30 zuwa 40, Boerboel na Afirka ta Kudu kuma yana wuce 60.

4. Ɗaga shi daga ƙasa

In shawara ɗaya za ka ɗauka a cikin waɗannan, to wannan ce. Makwancin da ya tashi daga ƙasa da inci 6 zuwa 8 iska tana ratsawa ta ƙarƙashinsa, ruwan sama yana wucewa bai jiƙa shi ba, tsintsiya tana shiga, kuma cinnaka da kunama ba sa samun kare a saukaƙe.

Hanya biyu ce, duk ana yin su a unguwa. Ta farko ta kafinta: dandamali na katako mai ƙafa huɗu, falankai a jere da 'yar tazara tsakaninsu. Ka tsaya a kan tazarar nan, kada ta kai yadda yatsan kare ko farcensa zai maƙale. Rabin inci ya yi yawa ga ƙaramin kare. A goge katakon ya yi sumul, a dulmiyar da kan kowace ƙusa, a shafa fenti ko banish domin toshe tsagar da kaska take ɓuya. A bar shi ya bushe sarai har warin ya fita kafin kare ya hau. Gara tana son ƙafafun, don haka a ɗora su a kan siminti ko bulo. Kafinta zai iya yi maka dariya ya ce, "Alhaji, yanzu har kare ake yi wa gado?" Ka ce masa e, kuma ka duba ƙusoshin da kanka kafin ka biya.

Ta biyu ta mai walda: firam na fayif ɗin ƙarfe, a ɗaure masa yadi mai ƙarfi ko raga mai ƙananan idanu, tamau, irin gadon tafi-da-gidanka. Wannan ya fi sanyi, ya fi sauƙin ɗauka, kuma da bokitin ruwa ɗaya an wanke shi. A ganina shi ne ya fi dacewa da bazara. Illarsa biyu: ƙarfe yana ɗaukar zafi in rana ta taɓa shi, kuma yadin yana saki da nauyi, sai an riƙa ɗaure shi. Ka ce da mai walda ya goge bakin duk inda ya haɗa, ya kuma toshe bakunan fayif ɗin, in ba haka ba ka gina wa kaska gida.

Tsohuwar taya fa? Mutane suna son ta saboda kyauta ce. Ni ban cika ba da shawararta ba. Tana tara ruwa sauro ya hayayyafa, tana zafi, wayar cikinta tana fitowa ta yanki kare, kuma zagayen cikinta ba ya shararuwa. In dole sai ita, a huda ƙasanta, a ajiye ta a inuwa, ga ƙaramin kare kawai.

5. Abin da ba zai wanku ba kada ya zama shimfiɗa

Ƙumar da kake gani a jikin kare kaɗan ce daga cikin wadda take gidanka. Macen tana iya yin ƙwai har 50 a rana, ƙwan kuma ba ya manne wa gashi. Zubowa yake yi duk inda karen ya kwanta. A nan yake ƙyanƙyashewa, tsutsar ta gudu daga haske ta shige cikin zare da ɗinki, ta yi kwanton ɓauna, wani lokaci har watanni. Shi ya sa za ka yi wa kare wanka da magani yau, bayan mako biyu ka ga yana susa kamar ba a yi ba. Kaskar kare, jar nan mai duhu, ta fi wayo. In ta sha jini ta ƙoshi sai ta saki jikinsa, ta hau bango, ta shige tsaga, ta zuba ƙwai dubbai. Duba saman bangon ɗakin kare, wajen da bulo ya haɗu da rufi, sau da yawa a can za ka gan su jere. Kaskar nan ce take kawo zazzaɓin da ke shanye jinin kare, ka ga ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari fat.

Saboda haka shimfiɗa ta zama mai cirewa. Tsohon bargo, zanen gado mai kauri, tawul ko labulen gwanjo duk sun yi, muddin ba su da maɓalli, zif ko zare mai warwarewa. Ka tanadi biyu: ɗaya a ƙarƙashin kare, ɗaya a kan igiya. A wanke duk mako da ruwan zafi sosai, wanda hannu ba ya iya shiga, domin zafin digiri 60 yana kashe ƙuma da ƙwanta. A ware wa wannan wankin bahonsa. Ranar wankin a ɗaga gadon, a share ƙarƙashi, a ƙone sharar ko a ƙulle ta a leda. A toshe tsagar bango da siminti.

Tabarmar kaba tana da sanyi kuma ba tsada, amma saƙarta maɓoya ce. In za ka yi amfani da ita, ka ɗauke ta a matsayin abin da za a ƙone a sake sabo bayan ɗan lokaci. Tabarmar roba ta fi wankuwa. Buhu kuwa sai ka san abin da ya taɓa zama a cikinsa. Na takin zamani, na siminti, da na wake ko irin shuka da aka zuba wa maganin ƙwari, duk kada su kusanci kare, domin yana lasar abin da yake kwanciya a kai.

6. Damina da tsutsar fata

Duk wanda ya riƙe kwikwiyo a damina a wajejen Kaduna, Jos, Abuja ko Minna wataƙila ya taɓa ganin wannan: ƙuraje masu tauri a ciki, ƙafafu ko gindin wutsiya, kowanne da ɗan rami a tsakiya, in ka zuba ido sai ka ga abu yana motsi a ciki. Tsutsar wani ƙuda ce. Ƙudan ba ya cizon kare. Ƙwai yake zubawa a yashi ko ƙasa mai inuwa da warin fitsari ko kashi, ko a kan tsumma mai danshi. Cikin kwana biyu zuwa uku ƙwan ya fashe, tsutsar ta jira jiki mai ɗumi ya kwanta a kanta, ta huda fata ta shige, ta yi kwana 8 zuwa 12 tana girma. Tana shiga jikin mutane ma, musamman yara.

Maganinta yana ga makwanci. Kada kare ya kwanta a ƙasar da yake fitsari. In a ɗaure yake wuni, a riƙa fitar da shi ya yi bahaya a wani wurin, a kwashe kashin kullum. A shanya shimfiɗarsa a kan igiya cikin rana tsaka, ba a ƙasa ko a inuwa ba, a kuma tabbatar ta bushe ƙayau. In hadari ya hana rana kwana da kwanaki, a goge ta da dutsen guga mai zafi. In ƙurjin ya riga ya fito, ana shafa basilin a bakin ramin ya toshe mata numfashi ta leƙo, sannan a matse ta a hankali ta fito ɗungurungum. In ta fashe a ciki, ko ƙurajen suna da yawa, a kai wa likita.

7. Hunturu na son ƙari

Daga Disamba zuwa Fabrairu gadon da ya yi daɗi a bazara yakan zama azaba, domin iskar da ke ratsa ƙarƙashinsa yanzu sanyi take kawowa. A Jos dare yakan sauka ƙasa da digiri 10. A ninka bargo a kai, a kare gefen da iska take fitowa da zana ko falanki. Karen gida mai gajeren gashi da siririn karen farauta sun fi jin jiki, haka ma dogon karen nan na Abzinawa, Azawak, wanda kusan ba shi da kitse ko kaɗan. Masu gashi irin Kokeshiyan, wannan ne lokacinsu na shaƙatawa. Kada a takura musu da bargo.

8. Soso: wane kare ne yake buƙatarsa?

Matashin karen gida mai nauyin kilo 15 ba ya buƙatar katifa. Masu buƙata su ne manya masu nauyi, tsofaffi, ramammu da masu ciwon gaɓoɓi. Babban kare in ya zube a kan siminti, gwiwar ƙafar gaba ce take fara dukan ƙasa. Yau da gobe sai gashin wurin ya zube, fata ta yi kanta baƙa ƙirin, wani lokaci ta tsage ta yi miki, wani lokaci kuma wurin ya kumbura ya tara ruwa. Kada a huda wannan kumburin a gida. Abin da yake so shi ne a raba gwiwar da daɓe mai tauri, likita kuma ya duba. Alsheshan da Rotwaila suna yawan fama da ciwon ƙugu da ake gada daga iyaye, kuma in ka ga tsohon karenka yana jinkirin tashi da safe, yana jan ƙafar baya, lokacin soso ya yi.

Je wurin masu yin kujeru, suna da yankakken soso da ya rage. Zaɓi mai tauri, kaurin inci 3 zuwa 4. Gwajin ba wuya: danna shi da dunƙulen hannu da ƙarfinka, in ka ji ƙasa, kare ma zai ji. Araha ba ta ado, soso mai laushi cikin wata biyu ya zama fefe. Sai a sa tela ya yi masa riga biyu, ta ciki ta leda mai kauri ko tamfol da za ta hana fitsari shiga, ta waje ta jins ko kaki mai cirewa, zif ɗin a ƙasa inda haƙori ba ya kaiwa. Soson da fitsari ya ratsa ya gama aiki, ba wankin da zai fitar da warin. Soson nan na zamani da ke lotsawa ya ɗauki siffar jiki yana da kyau ga gaɓoɓi, amma yana riƙe zafi, don haka ya fi dacewa da ɗaki mai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Ga tsohon kare a rage tsawon ƙafafun gadon, ya hau ba tare da tsalle ba.

9. Kwikwiyo da karya mai jego

Daga wata 3 zuwa 7 kwikwiyo yana sake haƙora, kuma duk abin da ya samu taunawa zai yi. Kada a ba shi soso ko matashi mai auduga. Guntun soso ko tsumma in ya haɗiye yana iya toshe hanji, abin da sau da yawa sai an yi tiyata. Katako da tsohon tawul sun ishe shi har ya yi hankali.

Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63. Mako guda ko biyu kafin lokacin a tanadar mata akwati mai faɗi a ƙasa, a wurin da ba hayaniya, gefensa ya yi tsawon da ita za ta tsallaka amma 'ya'yan ba za su iya ba. In ba a tanada ba za ta zaɓa da kanta, ƙarƙashin mota ko bayan tarin itace. A kafa ɗan katako a jikin bangon akwatin ta ciki, inci 4 daga ƙasa, domin in ta jingina ɗan da ke bayanta ya sami mafaka kada ta danne shi. Jarirai ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu a makonnin farko, sanyi da danshi suna kashe su da sauri, don haka a sake shimfiɗa kullum.

10. Fiya-fiya ba ta makwancin kare ba ce

Wasu in kaska ta ishe su sai su yayyafa fiya-fiya, kalanzir ko baƙin mai a shimfiɗa, har a jikin karen. Fata tana tsotse waɗannan, harshe kuma ya lashe sauran. In ka ga kare yana dalalar da miyau, jiki na rawa, yana amai bayan an yi feshi, guba ce, a garzaya da shi asibitin dabbobi. Maganin kaska da ƙuma na karnuka yana nan, likita ne zai faɗi wanda ya dace da adadin da za a sa gwargwadon nauyi. In an fesa wa ɗaki magani, a fitar da kare da kwanukansa sai wurin ya bushe ya sha iska. Gidan da ke da kyanwa a faɗa wa likita, saboda sinadarin fametirin da ke cikin wasu magungunan karnuka yana kashe kyanwa.

11. In keji ne

Kejin ƙarfe mai rufin kwano a tsakar rana tanderu ne. A yi masa silin na katako, ko a ɗora zana a kan kwanon da tazara, gefe biyu aƙalla su zama a buɗe. Tsawonsa ya isa kare ya tsaya kai a miƙe, ya juya, ya kwanta sambal. In ƙasan rodi ne ko waya, a shimfiɗa falanki a rabinsa, domin wuni a kan rodi yana ɓata tafin ƙafa.

12. Sabar da shi, ka kuma ja wa yara kunne

Kare zai iya ƙin sabon gado kwana biyu ko uku saboda warin fenti da baƙunta. Kada a ja shi da ƙarfi a ɗora. A ɗauko tsohon tsumman da ya saba da shi, in mai tsafta ne, a shimfiɗa a kai, a riƙa ajiye masa ɗan abin marmari a wurin, a yabe shi in ya hau. Kada a doke shi yana kan makwancinsa. In mako ya wuce yana guje masa, matsalar galibi ta wurin ce. Matsar da gadon zuwa inda ka ga ya fi son kwanciya. Karnuka biyu kuma gado biyu, ko da kana ganinsu tare, domin ranar da suka saɓa ƙaramin ne zai kwana a ƙasa.

Yara su sani cewa in kare yana kan makwancinsa ba a hawa, ba a jan wutsiya, ba a tashinsa da taɓawa. A kira sunansa daga nesa ya taso da kansa. Kare mai haƙuri ma yana kai cizo in an firgita shi cikin barci, karya mai jego kuwa ta fi kowa. In aka yi rashin sa'a ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a tafi da katin allurar haukan kare da aka yi masa.